Rigar da Umma Ta Ɗinka wa Inbata

Assalamu alaikum, masu bibiyata. Yau kar wanda ya tausaya mini, domin ina cikin laifin nan dumu-dumu. Wata uku cur ana kiran mutumin da nake so mayaudari a cikin gidanmu, ni kuwa duk safiyar Asabar da hannuna nake ɗauke shaidar da za ta wanke shi, in ninke ta tsaf, in kai ɗaki in ajiye. Ban sani ba, wallahi ban sani ba. Amma rashin sanin bai rage mini zafi ba ko kaɗan.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni ce Auta a gidanmu. Yayyena duk sun yi aure sun watse, saura ni da Abba da Umma. Abba mai gyaran agogo ne, ya fi shekara talatin yana leƙen cikin agogo da ɗan gilashi a ido ɗaya, har ya zama mutane ma haka yake duba su. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Amma idan ya kama ka da ƙarya sau ɗaya, ka tattara naka ya naka kawai, ko sunanka ba zai ƙara kira ba.

Shi kuma wanda nake magana a kansa, Mai Sola ake ce masa a gidanmu. Ni a wayata Dogo na rubuta, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar falonmu. Aiki ne ya kawo shi. Ya jera mana faifan sola goma sha biyu a kan rufi, ya kafa inbata a bangon lungun da ke tsakanin falo da kicin. Inbata shi ne akwatin da ke karɓar wutar faifan ya mayar da ita irin wadda gida ke amfani da ita. Namu ba mai batir ba ne, haɗe yake da layin kamfanin wuta: da rana gida ya sha abin da zai sha, ragowar ta bi ta mita ta koma layi, in rana ta faɗi kuma mu karɓa daga can. Kwana huɗu ya yi yana aikin, ni ce mai kai masa ruwan sanyi. Sauran ku ƙarasa da kanku, ba yara ba ne ku.

Da magana ta yi ƙarfi Dogo bai yi wani kwana-kwana ba, ya sami Abba har shago ya ce yana son manyansa su zo. Abba ya cire gilashin idonsa, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Bari in ga aikinka tukuna." Dogo ya yi dariya, ya ɗauka barkwanci ne. Ni da na san Abba ban yi dariya ba.

Akwai manhajar da ya saka mana a waya, ni da Abba, mai nuna wutar da faifan ke bayarwa. Wani tudu take zanawa: da safe ya fara hawa, da tsakar rana ya kai ƙololuwa, da yamma ya gangaro. Dogo ya ce in dai rana ta fito sosai za mu riƙa samun yunit ashirin da biyar ko kusa da haka. Sati uku na farko haka aka yi ta samu, har Abba yana nuna wa abokansa a shago. Daga nan abu ya juya. Sha bakwai. Sha shida. Tudun zai hau lafiya lau har ƙarfe sha ɗaya, sai kansa ya lotse kamar burodin da aka zauna a kai, ba zai dawo hayyacinsa ba sai bayan ƙarfe uku. Kullum haka, ban da ranar Asabar. Asabar kuwa ita ce ranar da Dogo ke zuwa dubawa.

A nan Baffa ya shigo maganar. Baffa wan Abba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe Abba tun suna marayu, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin Abba ya yanke wani abu mai nauyi bai kai masa ba. Sola ce kawai ya yi ba shawararsa, kuma Baffa tsohon ma'aikacin kamfanin wuta ne. Ku auna yadda abin ya tsaya masa a wuya.

"Daga waya yake juya ta," in ji Baffa wani yammaci, yana kurɓar shayi. "Ni za a gaya wa wuta? Ranar da zai zo ya sakar maka ita, yana juya baya ya matse. Ko dai kayan jabu ya kafa maka yana rufa-rufa, ko ragowar wani waje take tafiya. Mutumin da zai cuce ka a kan rufin ɗakinka shi za ka ɗauki 'ya ka ba?"

Daga ranar Abba ya daina nuna wa kowa wayarsa.

Ba abin da Dogo bai yi ba. Ya zo da sassafe ya wanke faifan ɗaya bayan ɗaya da ruwa zalla da tsumma mai laushi, ya ce ba a watsa musu ruwan sanyi in sun ɗau zafi. Ya kankare kashin tsuntsaye. Ya je ya durƙusa wa maƙwabcinmu har ya yarda aka sare reshen bishiyarsa, don a cewarsa faifan a jere suke a sarƙe, inuwa ta taɓa guda ɗaya sai ta ja sauran ƙasa. Ya matsar da eriyar talabijin, ya ƙara wa faifan ɗan karkata, ya bi kowace waya da na'urar gwaji har fatar hannunsa ta saɓule. Ranar Asabar ashirin da biyar. Ranar Lahadi sha shida.

Wata rana ina wurin aiki, a shagon magani nake tsaron kanta, saƙonsa ya shigo.

"Auta, abin nan kama yake da zafi. Inbata in ya ji zafi da kansa yake rage aiki don kar ya ƙone. Amma duk zuwan da na yi sanyi ƙalau nake samunsa, fankarsa lafiya, lungun ma iska na ratsa shi. Kuna ajiye wani abu kusa da shi? Risho, dutsen guga, wani abu dai mai zafi?"

"Ba komai a wurin," na rubuta masa. "Bango ne kawai."

Kun ji ƙaryar da na yi ban san na yi ba. Umma tana da wata ɗabi'a, ba ta yarda abu mai daraja ya zauna tsirara. Talabijin na da riga, firji na da riga, keken ɗinki da fankar tsaye duk da nasu, har rimot tana da 'yar jakarta. Mu da muka tashi a ciki ba ma ganinsu, kamar yadda mutum ba ya ganin labulen ɗakinsa. Kuma doka ce, in za a yi baƙo tun da safe za ta ce, "Auta, cire wa kaya riga," don baƙo ya tarar da komai fes yana sheƙi. Baƙo na fita a mayar.

Ta inbata ta fi kowace kyau. Sati uku Umma ta yi tana ɗinkinta a bakin taga, don idonta ya fara rauni. Shuɗin karammiski ne, ta sa soso a ciki, ta yi mata shafi, ta bi baki da surfanin zare ruwan zinare, ga igiya a ƙasa da ake zugewa ta kama tsam. Na tambaye ta mene ne na wannan wahalar, ta ce, "Aikin hannun yaron nan ne fa. In bar shi haka a lungu kamar ba a san darajarsa ba?" A gidan nan ita ta fara son Dogo, ina jin kafin ni ma.

Zan faɗa muku abin da na fi jin kunyarsa. Maganar Baffa ta shige ni. Na zauna na bi tudun nan rana-rana, na ga Asabar goma sha biyu a miƙe, sauran ranaku a lotse, sai zuciyata ta fara raya mini abubuwa. Na kira shi na ce, "Dogo, tsakaninka da Allah, ana iya rage wutar nan daga waya?"

Ya ce, "Ke ma?"

Kalma biyu. Kwana uku bai turo mini saƙon safe ba, ni kuma girman kai ya hana ni ba shi haƙuri.

A satin ne Baffa ya yanke hukunci, Abba ya amince. Dogo zai zo ranar Asabar ƙarfe sha biyu na rana, ya kashe wayarsa ya ajiye a kan tebur, ya yi bayani a gaban su biyu. In bayanin bai gamsar ba, ya kwashe kayansa daga rufinmu, maganar manyansa kuma a bar ta.

Ranar na tashi ba ni da wani kataɓus. Na sa atamfa na cire, na sa leshi na ga kamar murna nake da wani abu, na ƙare a doguwar riga ruwan toka da baƙin mayafi. Kwalli sau biyu ina gogewa ina sake sawa. Umma tana kicin tun safe, ita ma hankalinta ba a jikinta yake ba. Sai sha biyu saura kwata na ji ta ƙwala mini kira.

"Auta! Yanzu ke har yanzu ba ki cire wa kaya riga ba? Ga Baffanki can ya iso!"

Da ƙarfe bakwai na saba cirewa, gari da sanyi. Na bi da gudu na zare ta talabijin, na zare ta firji, na isa lungu na kwance igiyar ta inbata na ja. Wani huci ya daki fuskata kamar na buɗe tukunyar da ke kan wuta. Fankar ciki tana ta kuka, kukan da soson nan ya daɗe yana danne mana. Na kai yatsa na taɓa ƙarfen, na janye da sauri, har ya yi ja.

Na tsaya da rigar a hannu, ita ma zafi zau. Saƙonsa ya dawo mini a ka kalma bayan kalma.

Na ɗauki hoton rigar, na mayar da ita jikin inbata na sake ɗauka, na cire, na tura masa duka biyun. Na rubuta, "Umma ce ta ɗinka. Kullum tana jikinsa. Ranar da za ka zo ne kawai nake cirewa."

Ya buɗe. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Sai ga kira.

"Ina ƙofar gida," ya ce. Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Wa ya sani?"

"Ni kaɗai."

"To ya tsaya a ke kaɗai."

"Dogo, korarka za su yi!"

"A gaban Baffa kike so in ce rigar Umma ce? Kin manta abin da yake kiranta?"

Ban manta ba. Injiniya yake ce mata. Tana amarya, ba ta yi karatu mai nisa ba, ta ɗauki rediyon Abba ta wanke shi da ruwa da sabulu don ta ga ya yi datti. Shekara talatin da huɗu ke nan, kuma ba taron dangin da Baffa bai ba da labarin nan ba, da kwaikwayon muryarta da komai. Kowa ya yi dariya, Umma ma ta yi, sannan ta shige kicin ta daɗe tana wanke kofin da ba shi da datti. Dogo sau ɗaya ya ji labarin, ashe ya lura da kofin.

"Zan san abin da zan ce," in ji shi. Ya kashe.

Na kai rigar ɗakina na tura ƙarƙashin filo, na dawo na laɓe a bayan labulen da ya raba falo da lungu. Dogo ya yi sallama ya sunkuya ya shigo, cikin farar riga da ta sha guga, ba kayan aiki ba. Ya gaida su a durƙushe, ya kashe wayarsa ya ɗora a tebur. Baffa ya jawo ta gabansa ya dafe da hannu.

"Buɗe taka mu gani," ya ce wa Abba.

Abba ya buɗe manhajar. Ni ma na buɗe tawa a bayan labule, sai na ji kamar in kurma ihu. Tunda na makara da cire rigar, yau ma tudun ya lotse tun sha ɗaya, sannan daidai sha biyu saura kwata ya fara miƙewa. Da hannuna na ƙara ɗaure Dogo.

"Allahu akbar!" Baffa ya buga cinya. "Ka gani da idonka? Yana taka ƙofar gidan ta tashi! Kai yaro, har yau ma ba ka iya haƙuri ba?"

"Baffa, ban taɓa komai daga waya ba," in ji Dogo. "Amma na gano matsalar. Zafi ne. Inbata yana buƙatar iska ta kowane gefe, in bai samu ba sai ya rage wutar da yake fitarwa. Kuskurena ne, wurin da na kafa shi bai dace ba. Gobe zan mayar da shi bangon waje, a inuwa, in yi masa rumfa."

"Zafi," Baffa ya maimaita yana murmushi. "Zafin da ya san Asabar. Zafin da ke ganin babur ɗinka ya gudu."

Dogo ya sunkuyar da kai.

Sai Abba ya yi magana, a hankali, yadda yake yi in ya gano haƙorin da ya karye a cikin agogo. "Bangon nan bai canja wuri ranar Asabar ba. Ka san abin da ya sa ranar ta bambanta?"

"Na sani, Abba."

"Tun yaushe?"

"Yau."

"Faɗa mini."

"Ka yi haƙuri, Abba. Ba zan iya ba."

Umma ta fito daga kicin da tiren shayi, ta tsaya a gefena a bayan labule, kofuna suna 'yar ƙara a hannunta. Ta raɗa mini, "Me ya sa ba zai faɗa ba? Ki ce masa ya faɗa mana!" Ban iya duban fuskarta ba.

"Sau ɗaya zan ƙara tambayarka," in ji Abba.

"Ka yi haƙuri, Abba."

"To, shi ke nan. Ka gaya wa manyanka kar su wahalar da kansu."

Ban san lokacin da na isa ɗakina na dawo ba. Na dai tsinci kaina a tsakiyar falo, mayafina ya zame, rigar inbata a hannuna. Dogo ya ɗago ya girgiza mini kai, na ƙi kallonsa.

"Wannan ce," na ce. "Ita ake rufe shi da ita, ita ke hana shi iska. Ranar da za a yi baƙo ne ake cirewa. Ni... ni na ɗinka."

Jama'a, ni da ko maɓalli ya cire sai na kai wa Umma. Abba ya miƙo hannu na ba shi. Ya juya ta ciki, ya bi ɗinkin da babban yatsa, layi bayan layi. Mutumin da ke gane hannun wanda ya taɓa agogo shekara goma baya, shi ne ba zai gane ɗinkin matarsa ba? Ya ɗago ya dube ni.

"Auta, bar mini kayana."

Umma ce. Ta ɗage labulen ta shigo, ta dire tiren a tebur, ko ɗigo bai zuba ba. Tsohuwar atamfarta ta girki ce a jikinta, wadda ba ta taɓa yarda baƙo ya gan ta da ita ba. Ta karɓi rigar daga hannun Abba, ta juya ga Dogo.

"Ɗana, dube ni. Da gaske rigar nan ce?"

"Umma, laifina ne da ban yi muku bayani ba tun..."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Ita ce, Umma."

"Wata uku kana hawa rufi, ana ce maka ɓarawo, a kan wannan?"

Baffa kuwa kafaɗunsa har sun fara rawa. "Kai, kai, kai! Ashe Injiniya ce ta..." Sai ya tsaya, ya gyara zama, don bai so nasararsa ta tafi a banza. "A'a, tsaya. Haɗa baki kuka yi ku fitar da shi. Tsumma ne zai cinye yunit tara?"

"Yaya, wayarsa na hannunka?" in ji Umma.

"Ga ta."

"A kashe?"

"A kashe."

"To riƙe ta da kyau."

Ta zuge labulen gaba ɗaya yadda kowa zai hango lungun. Ta je ta zura wa inbata rigar da hannunta, ta gyara kusurwoyin yadda ta saba, ta ja igiyar ta ɗaure. Sannan ta ce wa Abba, "Malam, ajiye wayarka a tsakiya kowa ya gani. Nawa take nunawa?"

"Huɗu da ɗigo shida," in ji Abba. Ƙarfin wutar da ke fitowa a daidai lokacin ke nan.

"Mu jira."

Dogo ya miƙe. "Umma, don Allah, ba sai an..."

"Zauna."

Ya zauna. Ita ba ta zauna ba. A bakin lungun ta tsaya, hannuwanta a haɗe a gaba, kamar ɗalibar da aka fitar gaban aji.

Ban taɓa ganin minti mai tsawon na ranar ba. Minti biyar, lambar ba ta motsa ba. Minti goma, tana nan. Baffa ya zuba wa kansa shayi, yana juya cokali da ƙarfi yana kallon silin. Na kalli Dogo, gumi ya jiƙa masa wuyan farar rigar. Ni kuma ina tsaye ina addu'a a zuci, Allah ka sa ta sauka, sai in dubi Umma in ji kamar in janye addu'ar. In ta tsaya na rasa shi. In ta sauka, Umma ce za ta zama abin dariyar dangi har ƙarshen rayuwarta. Kuma ita ta san haka sarai, ta fi kowa sani.

Minti goma sha bakwai, Abba ya ce, "Huɗu da ɗigo ɗaya."

"Gajimare ne," in ji Baffa.

Abba ya ɗaga labulen taga. Rana tar, ko ɗigon gajimare babu.

"Uku da ɗigo bakwai." Bayan ɗan lokaci, "Uku da ɗigo biyu." Duk lambar da ya kira sai in dubi Umma. Ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta yi hawaye ba. Ni ce nake kukan, mayafina a baki don kar a ji.

"Biyu da ɗigo takwas."

"Ya isa haka?" Umma ta tambaya. "Ko a ƙara jira, Yaya?"

Baffa ya saki dariyar da yake ta riƙewa, har da tafa hannu. "Wallahi wannan ta fi ta da! Riga! Da soso! Bari in je gida, yau akwai labari."

"Yaya."

Ban taɓa jin Abba ya katse Baffa ba. Ya miƙe ya je lungun da kansa, ya kwance igiyar, ya zare rigar, hucin ya sa ya kau da fuska. Ya ninke ta a hankali, gefe da gefe, ya miƙa wa Umma da hannu biyu. Sannan ya dawo ya zare wayar Dogo daga ƙarƙashin hannun Baffa, ya miƙa masa.

"Aikinka ba shi da aibu. Na zalunce ka, ka yafe mini."

"Abba, ba komai, wallahi..."

"Amma ka ce mini kuskurenka ne, alhali ka san ba naka ba ne. A falona." Abba ya dube shi ya daɗe. "Na san don wa ka yi. Kar ka ƙara. Manyanka su zo Asabar mai zuwa."

Baffa ya dire kofi. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa kamar an ɗauke wuta. "Ba ka shawarce ni ba."

"Ban shawarce ka ba, Yaya."

Abba ya zura hannunsa a aljihu. Baffa ya ɗauki hularsa, ya kaɗe ta a gwiwa, ya miƙe. A bakin ƙofa ya juyo ya dubi ƙanensa, ya ce, "To, ka nemi wanda zai zauna maka ya karɓe su." Ya fita, ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba.

Abin da na yi wata uku ina roƙo ya samu. Dogo yana kallona, idonsa ya kaɗa, ya kamata in yi murna. Na juya in rungume Umma, sai na ga wurin da take tsaye ba kowa.

Na bi ta ɗakinta. Tun da aka haife ni ƙofar nan ba ta taɓa shan makulli ba, ko wanka za ta shiga a buɗe take barinta. Na murɗa, na ji ta gam.

"Umma? Umma, ni ce. Abba ya yarda, kin ji? Ya ce su zo."

Shiru.

"Umma, don Allah ki buɗe."

Na ƙwanƙwasa sau uku, na kara kunnena a jikin ƙofar. Ba kuka take ba, da ma kukan ne da na ji sauƙi. Abin da nake ji kawai ƙarar almakashi ne, yana cin karammiski a hankali.